Gambar Iyaka: Nazarin Abin da Ya Kashe Layin Gamba a Wata Gona a Ƙasar Daura

Gonar da ake magana a kanta tana wani ƙauye ne a ƙasar Daura, ba nisa da iyakar Nijar. Jigawa ce mai jan yashi, gero da wake da ɗan gyaɗa ake nomawa a cikinta. Ta baffana ce, shi ma gado ya ci. Gefenta na kudu hanya ce, sauran ukun kuwa, gabas da arewa da yamma, gamba ce ta kewaye su, gindi na bin gindi. Kakanmu ne ya dasa ta, duk wanda ya tashi a gidan buɗe ido ya yi ya gan ta. Ita ce iyaka, da ita ake saƙa zanar gida, da ita ake wa rumbu jinka, kuma da karanta muka fiƙe alƙalumanmu na makarantar allo.

A damina guda layin gabas ya mutu ƙurmus, ko gindi ɗaya bai tsira ba. Layin arewa bai mutu ba, amma shekaru ke nan yana lalacewa, ya zama kamar bakin tsoho, nan haƙori can giɓi. Layin yamma kuwa yana nan daram, a watan Oktoba sai ya shanye mutum a tsaye. Ƙasa ɗaya ce, ruwan da ya sauka a gabas shi ya sauka a yamma, tushen ciyawar ma ɗaya ne. Wannan bambancin shi ya sa na ɗauki lamarin da muhimmanci, domin ba kullum ake samun gona ta jera wa mutum amsa uku a fili guda ba.

Ita gambar kanta

Kafin a gane abin da ya kashe ta, sai an san yadda take rayuwa. Mafi yawan ciyayin da ke cika gonakinmu da damina, irin su ƙarangiya da kyasuwa da burburwa da guɗe-guɗe, 'yan shekara guda ne. Su tsiro da ruwan fari, su yi iri, su mutu, baɗi 'ya'yansu su gaje su. Gamba ba haka take ba. Abin da ke bushewa da rani karanta ne da ganyenta, gindin yana nan da ransa a ƙasa, kuma shi ne zai sake toho shekara da shekaru.

Masana tsirrai suna kiranta Andropogon gayanus. Wani Bajamushe mai suna Kunth ne ya sa mata sunan a 1833. Kalmar farko daga harshen Girka take, ma'anarta gemun namiji, saboda farin gashin da ke kan furenta, ta biyun kuma girmamawa ce ga wani masanin tsirrai mai suna Gay. Amma a kasuwar duniya sunan Hausa ne ya yi rinjaye: a Ostireliya har gobe gamba suke ce mata.

Gindinta dunƙule yake, karare masu yawa daga tushe ɗaya, faɗinsa kan kusa mita guda idan ya tsufa. A inda ruwa ya wadata tsawonta kan kai mita 3 zuwa 4, a ƙasarmu ta Daura dai mita 2 da ɗoriya ne aka fi gani. Hanya mafi sauƙi ta gane ta tun tana ƙarama ita ce a dubi ganyen: akwai farar jijiya ɓaro-ɓaro da ta ratsa tsakiyarsa, kuma can wajen da ya haɗu da kara sai ya tsuke har ya kusa zama jijiyar zalla. Ɗanyen ganyen yana da laushin gashi, idan raɓa ta kwanta a kansa da asuba sai ya yi fari-fari.

Sirrin gamba a ƙarƙashin ƙasa yake. Saiwarta iri uku ce. Akwai 'yan sirara masu yawa da ke bazuwa kusa da sama, su ne ke cafke yayyafi kafin rana ta shanye shi. Akwai masu kauri kamar igiya, su ke riƙe gindin, su ne kuma rumbunta, a nan take tara sitacin da za ta ci da rani. Sannan akwai masu nutsewa kai tsaye ƙasa neman laima, wasu har kusan mita 3. Da wannan tsarin take jure rani na wata 8 ko 9. Da shi ne kuma take riga kowace ciyawa fitowa: ruwan farko na sauka, wani lokaci ma tun ana jin ƙamshinsa a iska, sai ka ga koren toho a gindin gamba alhali sauran fili fari fat. Ba ruwan ne kaɗai ya fito da ita ba, ajiyar bara take ci. A riƙe wannan, domin rabin labarin layin arewa a nan yake.

Tana cikin jerin tsirran da masana ke kira C4, tare da dawa da gero da masara da rake, wato waɗanda ke iya sarrafa hasken rana cikin tsananin zafi ba tare da ɓarnar ruwa da yawa ba. Fitar da kanta kuma ba da yawan ruwa yake tafiya ba, da tsawon yini yake tafiya. Sai rana ta fara gajarta, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sannan ta miƙe ta yi kai. Kan nata reshe biyu ne kamar yatsu biyu a buɗe, cike da gashi. Iska ce ke ɗaukar ƙurar fure daga wannan gindi zuwa wancan. Kowace ƙwaya tana da siririn tsinke mai lanƙwasa kamar gwiwa, wanda ke murɗewa yana warwarewa idan laima ta taɓa shi, da haka ƙwayar ke cusa kanta cikin ƙasa. Irin ba ya nuna sai wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba.

Mazauninta

Gamba 'yar asalin dajin Afirka ce, daga Senegal ta ratsa ƙasar Hausa har Sudan, ta gangara kudu har Mozambik da Botswana. Tana rayuwa a inda ruwan shekara ya kama daga milimita 400 zuwa 1,500, har ma fiye. Ba ta da tsirfa a kan ƙasa: yashi, jar ƙasa, tsakuwa, ƙasa mai tsami da ƙarancin taki, duk tana yi. Abin da ba ta so shi ne inuwa mai duhu da kuma kwanciyar ruwa na dogon lokaci, ko da yake akwai nau'inta guda da ya saba da bakin fadama.

A wajen Zariya, inda ruwa kan haura milimita 1,000, gamba ciyawar daji ce, ba mai dasa ta. A Daura da Katsina da Maraɗi, inda ake samun wajen 500 zuwa 700, tana kusa da ƙarshen inda za ta iya. Dattawa suna ba da labarin lokacin da ake shiga daji a yanko ta kyauta, dami nawa mutum ya ga dama. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 sun rage ciyayi masu daɗewa a duk faɗin Sahel, 'yan shekara guda suka maye gurbinsu. Sai kuma noma ya cinye dajin da ya rage. Yau a yankinmu in ka ga gamba, to a bakin gonar wani take, kuma tana da mai ita. Daga ciyawar Allah ta koma shuka.

Zato uku da ba su tsaya ba

Da na je gida da kaka, Baffa ya riga ya yanke hukunci: fari ne. Ruwa ya ɗauke na kwanaki bayan shuka a shekarar, gero ya sha wuya. Na ce masa, "Baffa, wannan gambar fa ta ga farin 1984 ba ta mutu ba. Kuma in fari ne, me ya sa ya zaɓi gabas ya bar yamma?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, kai da ka yi boko, faɗa mini."

Muka ɗauki fartanya muka tone gindi guda a layin gabas. Ya fito da sauƙi, saiwar ta yi baƙi, tana marmashewa a hannu, gara ta yi gida a ciki. Ƙanina ya ce ai ga ɓarawon nan, gara ce. Amma da muka tona gefen wani gindi mai rai a yamma, nan ma akwai gara, tana cin busassun kararen bara, saiwar kuwa fara tas, da ƙarfi, sai an sa hannu biyu kafin ta tsinke. Gara abokiyar zaman gamba ce tun fil azal. Mushe ta tarar a gabas, ba ita ta yi kisan ba.

Wuta ma an ambata, domin yara sun cinna wa wani ɓangare wuta da rani wajen farautar ɓera. Wannan bai ɗauke mu lokaci ba. Idanun tohon gamba a daidai ƙasa suke, cikin dunƙulen gindi, wuta takan wuce ta samansu. Makiyaya ma da gangan suke ƙona ta don ta yi sabon toho. Kuma inda wutar ta ci a yamma ne, wurin da ya fi ko'ina kyau.

Layin gabas

Amsar gabas ba a ƙasa take ba, a bakin mutane take. Gonar da ke maƙwabtaka da mu ta wannan gefen mai ita ya rasu, ɗansa ya karɓa, kuma shi ba mai son wahalar noman firi ba ne. Ya sayi maganin ciyawa ya ba wani yaro mai injin feshi na goyo. Yaron ya yi aikinsa da safe, 'yan kwanaki bayan ruwan shuka, lokacin da gamba ta yi kore shar, tsawonta bai wuce gwiwa ba. Da aka tambaye shi bai ɓoye ba. Ya ce, "Wallahi Baba, ni ciyawa na gani a bakin gona, na ce bari in gyara masa har iyaka."

Manoma sun san maganin ciyawa iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu, irin su parakwat. Wannan inda ya taɓa kaɗai yake ci, da shi aka fesa da gambar ta sake toho daga gindi. Akwai kuma mai aiki a hankali, gilaifoset, wanda sai bayan mako guda ko fiye ake ganin ganye ya fara rawaya. Shi wannan ta ganye yake shiga, ya bi hanyar abincin tsiron har cikin saiwa. Ya fi kisa a lokacin da ciyawa ke tsakiyar girma, ganye ɗanye, ruwa na gudana a jikinta. Wato yaron, ba da saninsa ba, ya dace da mafi munin lokaci. Da tsakiyar rani ya fesa, a kan busasshen kara, da asarar kuɗin magani kawai aka yi. Matan gidan sun tuna cewa gambar ta yi rawaya sannu a hankali, ba ƙonewa ta yi farat ɗaya ba, wannan ya ƙara tabbatar da irin maganin.

Mutuwar ciyawar ba ita ta fi tayar da hankali ba, abin da ya biyo baya ne. Da bazara iska ta share busassun kararen, yashi ya binne kututturan. Lokacin huɗa mai garmar shanu ya shigo da kunya biyu cikin gonar Baffa, shi ma ba lallai da gangan ba, babu abin da zai nuna masa inda zai juya. Magana ta kai gaban mai unguwa. Kowa ya rantse a kan inda iyaka take. Mai unguwa ya ce a kawo fartanya. Aka bi layin ana tona yashi, ana fito da baƙaƙen kututturan gamba ɗaya bayan ɗaya, a jere kamar an ja igiya. Ya dubi saurayin ya ce, "Ɗana, ga shaidar ubanka da kakan waɗannan." Saurayin ya ce, "Ranka ya daɗe, na gani." Matacciyar gamba ta raba gardamar da rayayyun mutane suka kasa rabawa. Da an ƙara shekara biyu gara ta gama da kututturan, ban san da me za a yi shari'ar ba.

Akwai wata asarar da ba a kai wa mai unguwa ba. A wannan yankin hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, da iska mai ɗauke da yashi a gabansa. Yashin nan yana yankar ƙananan gero yana binne su. Layin gamba na gabas shi ke tare shi, shi ya sa gindin layin ya tashi ya zama ɗan tudu. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, an gwada dasa gamba layi-layi a gonakin gero don tare zaizayar iska, aka ga tana tara yashi a gindinta. Abin da kakanmu ya yi ke nan ba tare da ya auna ba. Shekarar da layin ya mutu, sai da Baffa ya sake shuka kunyoyin gabas sau biyu.

Layin arewa

Nan ba baƙo a cikin laifin, mu ne da kanmu, kuma shi ya fi wuyar faɗa a gida.

Layin arewa shi ya fi kusa da gari. Yaran gidan da ke kiwon raguna a turke nan suke zuwa da lauje. Daga 2021 zuwa 2025 Babbar Sallah ta riƙa faɗowa tsakanin Yuli da Yuni, ke nan watannin ƙarshe na kiwon rago sun haɗu da lokacin da abincin dabba ya fi tsada: harawa ta ƙare, dusa ta yi wuta, sabuwar ciyawa ba ta kawo ƙarfi ba. Kore ɗaya da ke fili shi ne tohon gamba. Kuma yaran ba su yi wauta ba. Ɗanyar gamba tana da furotin wajen kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari, dabba na sonta. Da zarar ta yi kara ta bushe sai ya faɗi ƙasa da kashi 3, ta zama cika ciki kawai. Lokacin da ta fi amfani ga rago shi ne lokacin da yankan ya fi cutar da ita.

Dalili kuwa shi ne ajiyar nan da aka ambata. Tohon farko bashi ne gindin ya ci daga saiwarsa, da niyyar ganyen ya girma ya biya. In aka yanke shi, sai gindin ya sake cin wani bashin. A yanka na biyu, na uku, kowanne ƙasa-ƙasa har lauje na taɓa yashi, sai rumbun ya ƙare. Gindin ba ya mutuwa a shekarar, sai dai ya shiga rani da yunwa, baɗi ya fito da karare kaɗan, baɗin baɗaɗa ya kasa fitowa. Gamba tana jure kiwo, amma irin na garken da ya ci ya wuce, ya ba ta makonni ta farfaɗo. Lauje mai dawowa kowace safiya daban ne.

Garmar shanu ta ƙara nata. Kowace shekara mai huɗa yakan matsa kusa da layin don kada a bar ƙasa a banza, bakin garma yana datse saiwoyin sama da ke bazuwa a gefe. Da fartanya ake noma a zamanin kakanmu, ita kuwa tana kewaye gindi.

Layin yamma ya tsira ne saboda dalili ɗaya: Baffa ya hana kowa taɓa shi, nan yake yankan zanarsa. Sau ɗaya yake yanka a shekara, bayan an gama girbin gero, kan gamba ya bushe ya fara zubar da gashi. Yakan bar kututture kamar tsawon taƙi guda na hannu. Ya ce haka ya ga mahaifinsa na yi, don kara ya fi ƙwari a lokacin kuma zana ta fi daɗewa. Bai taɓa cewa don sitaci ya koma saiwa ba ne ko don iri ya zuba, amma abin da ke faruwa ke nan.

Me ya hana ta maye kanta

Tambayar da ta fi damuna ita ce: ciyawar da gindi ɗaya ke zubar da dubban ƙwayoyi, me ya sa giɓin arewa bai cike da kansa ba? Na farko, a can ba a barin ta ta kai ga iri. Ɗan abin da ya tsira daga lauje akan yanke shi da wuri, tun yana ɗanye, kafin wani ya riga. Na biyu, irin gamba ba ya nisa, mafi yawansa cikin 'yan taku kaɗan daga uwar yake faɗuwa, kuma ba ya daɗewa da rai a ƙasa kamar na ƙarangiya. Na layin yamma ba zai tsallaka gona guda ya je arewa ba. Wanda ya faɗa cikin gona ya tsiro kuwa, noman firi ya share shi.

Ƙaramar gamba kuma raguwa ce a shekararta ta farko. Tana tafiyar hawainiya, tana gina saiwa, 'yan shekara guda su taso su rufe ta. Wurin da take samun sukuni shi ne saura, gonar da aka bari ta huta shekaru da dama. A can ne takan shigo a hankali bayan ciyayin farko, har manoma a ƙasashen Afirka ta Yamma suna ɗaukar bayyanarta alamar ƙasa ta huta, ta isa a koma mata. A ƙauyenmu rabon da a bar saura tun ina yaro. Kowace gona ana nomanta kowace shekara, har burtali sai da aka matse.

Can inda ta fi ƙarfin mutane

Mai karatu zai iya ɗauka gamba ciyawa ce mai rauni. Labarinta a ƙetare ya ƙaryata haka. A 1973 aka ɗauki irinta daga tashar bincike ta Shika kusa da Zariya aka kai Kolombiya, zuwa 1980 an fitar da ita ga makiyaya a can da kuma Brazil, saboda tana yi a ƙasa mai tsami da wasu ciyayin ke ƙi. Ostireliya kuwa tun 1931 aka kai ta, a 1978 aka fitar da wani nau'i mai suna Kent don kiwon shanu a arewacin ƙasar.

A kudu da birnin Darwin, wajen garin Batchelor da gandun Litchfield, ruwa ya ninka namu fiye da sau biyu, fili ga shi har ya yi yawa, ba mai saƙa zana, ba yaro da lauje. Inda shanu ba su cinye ta ba, sai ta kai mita 4, ta yi iri son ranta, ta bi gefen hanyoyi da rafuka ta shiga daji. Tana tara busasshen kara ninkin ba ninkin na ciyayin ƙasar, kuma tana jinkirin bushewa, don haka gobararta takan zo ne a ƙarshen rani lokacin da komai ya bushe. Bincike a can ya nuna zafin wutarta kan kai ninki takwas na wutar ciyayinsu na asali. Harshen wutar na kaiwa kan itatuwan turare, waɗanda suka saba da ƙaramar wuta mai bin ƙasa, ya kashe su. Itace ya faɗi, haske ya ƙaru, gamba ta ƙara samun wuri. A 2008 aka ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa a yankunan arewacin ƙasar, a 2012 aka sa ta cikin jerin ciyayin da ƙasar baki ɗaya ke yaƙa. Hukumar yankin Darwin har kyautar magani take ba masu filaye, kuma maganin shi ne gilaifoset, ana fesa shi da damina lokacin da take kore.

Da na ba Baffa wannan labarin ya daɗe yana dariya. Ya ce, "Wato abin da yaron nan ya yi mini kyauta, can biyan mutane ake yi su yi?" Sannan ya ce in da hali a turo masa ita a mota. A ganina darasin Ostireliya ga lamarinmu ɗaya ne: halittar ciyawar ba ta canja ba, saiwar nan ce, irin nan ne. Abin da ya bambanta shi ne ko ana barin ta ta kammala shekararta. Can ana barin ta kullum, a layin arewa ba a taɓa bari.

Abin da aka yi

Ba a nemi iri ba, tsaga aka yi. Da marka ta kankama a watan Agusta, ƙasa ta jiƙe sharkaf, muka zaɓi manyan gindaye a layin yamma, musamman tsofaffin da tsakiyarsu ta mutu suka zama kamar zobe. Aka sa gatari aka ɓantaro gefensu, kowane ɓangare da karare uku ko huɗu da saiwarsa. Aka datse ganyen ya rage kamar kamu ɗaya don kada ya shanye ruwan jikinsa kafin saiwa ta kama. Aka dasa su a ramukan tsofaffin kututturan gabas, taku guda tsakani, aka taka gindin da ƙafa. Maganin da ya kashe na farko bai hana ba, domin gilaifoset ba ya aiki ta ƙasa, yana taɓa ta yake ɗaurewa. Saurayin maƙwabcinmu ya zo da kansa ya taya dashen, shi ya ɗauko ruwa a jarka ranar da hadari ya yi ƙarya.

Mafi yawansu sun kama. Waɗanda suka mutu na can ƙarshen layi ne da aka dasa da rana tsaka, saiwarsu ta sha iska a kan amalanke. Shekarar farko ba a yanke su ba sam, ta biyu suka yi kai, Baffa ya bar irin ya zube. Gindayen yamma da aka tsaga su ma ba su nuna sun ji ba. An yi yarjejeniya da maƙwabci cewa mai feshi zai bar kunya biyu daga iyaka, a nome su da hannu, kuma ba feshi ranar da ake iska.

Layin arewa ne har yanzu ba a gama da shi ba. Baffa ya ce kada a yanka sai ta kai ƙugu, kuma a bar taƙi guda. Yaran suna bi idan yana gari. Matar ƙanina, wadda ragunan nata ne, ta tambaye shi a gabana, "Baba, to me za su ci kafin ta kai ƙugun?" Ya ce a ƙara ajiye harawa da kaka. Ta ce harawar da ake sayarwa tun watan Janairu don a sayi taki? Bai amsa ba. Zuwana na ƙarshe na ƙirga giɓi a layin, na tarar an cike biyu da sabon dashe, kuma ɗaya daga cikinsu an riga an yi masa aski da lauje.